Elyada

Ran kwana takwas, a bene na uku,
a Haifa, inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa,
wanzami ya wanke hannu, ya juyo gare ni:
"Wane suna?"
Na ce Elyada.
Ɗaki ya yi tsit.
Surukata ta karkato kunne ta ce, "Wa?"
Wani kawu ya yi tari, ya nemi a maimaita.
Kakata Joya kaɗai ba ta tambaya ba.
Ta kama hannun kujera da ƙarfi,
kamar bene ya zama jirgi.

Gaɓa biyu aka haɗa.
El, wato Allah.
Yada, ya sani.
Ba roƙo a ciki, ba kirari,
magana ce da aka ajiye, aka tashi.

Ka neme shi a tsoffin jerin zuriya,
can inda mai karatu ke sauri,
wane ya haifi wane, wane ɗan wane.
Yana nan a maƙale
tsakanin sunayen da suka yi tashe,
kamar baƙo a gefen tabarma
wanda ba a miƙa wa ruwa ba, bai kuma yi fushi ba.

Baban Joya ɗan dako ne a gaɓar Salonika.
Ya tsinci sunan a wata Asabar,
ya ce wannan ba mai shi, bari in ba ɗana.
Da aka nemi masu ƙarfin kafaɗa a Haifa
ya kwashe iyali, Joya tana da shekara biyar.
Yayanta ya tsaya ya ƙarasa koyon gyaran agogo.
"Ku je, ina tafe bayan idi."
Wasiƙa uku ta zo.
Ta ukun da hoto: kunnuwa manya, madubi a ido ɗaya.
Sai jiragen ƙasa suka shigo garin.

Muna yara mukan dame ta:
Ina ya tafi? Ina kabarinsa?
Sai ta juya tafin hannu sama,
ta ce Allah ya sani,
ta koma kan yankan albasa.
Mun ɗauka korar mu take yi.
Sai da na yi gemu na gane
kiransa take yi, a gabanmu, kullum.

A ofishin rajista matar ta ɗago kai:
"Da ayin a ƙarshe? Ka tabbata?
Shekara goma sha tara ina kan kujerar nan,
kai ne na biyu."
Ban tambaye ta na farkon ba.
Har yau ina cizon yatsa.

A ajinsu Noam uku ne, Ariel huɗu,
malama na ƙara musu harafi don ta rarrabe.
Shi ba ya bukatar ƙari.
Amma a shagon kofuna masu suna
ya juya kanta sau biyar, ya duba ƙasa, ya duba baya,
ya fashe da kuka a gaban mai shago.
Da yamma Joya ta ɗauko farin kofi
da jan fentin farce,
hannu na rawa ta rubuta haruffa biyar.
Na ƙarshen ya zame, ya yi wutsiya.

Ta rasu a damina ta gaba.
Kofin na nan, ya rasa mariƙi,
muna zuba ƙusoshi a ciki.

Yanzu in rana ta faɗa teku
Tirza kan leƙa ta baranda ta ƙwala kira,
yara ashirin na bin ƙwallo a ƙasa,
kai ɗaya ne ke ɗagowa.
Kunnuwansa manya.
Yakan ce, "Ina zuwa!"
kuma yana zuwa.