Baturen Azara

Ettore Vianello, haka sunan yake a takarda,
Harshen maginan Kwarbai ya ƙi ɗauka,
Suka ce Baturen Azara, ya ko amsa,
Ya rubuta da alli a ƙofar ofishinsa a Samaru,
Shekara tara bai yarda an kai hannu ga gogewa.

Ranar farko bai buɗe littafi ba.
Tubali ya dire kan tebur, ƙasa na zuba,
"Wa ya san wannan?" in ji Hausarsa mai tuntuɓe.
Mu arba'in muka zuba wa takalmanmu ido.
Ni da na girma da laka tsakanin yatsu,
Ni ɗan Sallau magini, na fi kowa sunkuyawa.

Gudun kwaɓi ya kawo ni jami'a,
In sa kwat, in zana bene mai gilashi,
In an tambayi sana'ar babana in yi tari, in kau da tattaunawa.

Sai ga shi ran Asabar a zaurenmu,
Ya jingine tsohon babur, ya tuɓe takalmi,
Ya durƙusa gaban tsohon da nake ɓoyewa.

Kwana uku yana awon soron kakana,
Tef a hannu, fensir a bayan kunne,
Baba na cin goro, ya ɗaga kai sau ɗaya,
Ya faɗi tsawon bakan gizo da kamu.
Bature ya yi lissafi, ya sake, ya sake,
Faɗin yatsa biyu ne tsakaninsu,
Ya ce, "Kuskuren nawa ne," yana dariya har da buga gwiwa.

Akwai ɗakin karatu da ya gina farkon zuwansa,
Siminti da kwano, tagogi na kallon yamma.
Ya kai Baba ya gani da azahar.
Baba ya shiga, ya fito yana fifita da hula:
"Tanderun ya yi kyau, ina masu gurasar?"
Kunnen farfesa ya yi ja kamar gauta.
Washegari ya zo aji da zanen ginin,
Ya ce mu nemo laifinsa, maki goma ga mai tonawa.

Daga baya suka yi wani tare, shi da Baba,
Daurin guga a sama, makuba a jiki,
Indararo shida, zanko a kowace kusurwa.
Ka shiga a watan bazara ka ji kamar bakin randa.
Damina huɗu ba a fitar da kuɗin yaɓe ba,
Ta biyar ta tafi da bangon gabas cikin dare.
Na same shi da asuba cikin taɓo har idon sawu,
Ya ce, "A garinmu daga ƙasa ruwa ke cin gida,
A naku daga sama. Duk dai ruwa ne."
Baba ya ce, "Ginin ƙasa zumunci ne, Bature,
Wanda ba ka zuwa duba shi, kada ka zarge shi da faɗuwa."

Ya koma garinsu da ciwon ƙirji.
Wasiƙa biyu, sai shiru, sai ta 'yarsa,
Da ƙunshi: tef ɗin nan, lambobin farko sun goge.
Baba bai ce komai ba, ya riga ya daina hawa gini,
Ya dai juya shi a tafinsa har kiran magariba,
Ya ce, "Mutumin nan ya iya tambaya, ita ce baiwa."

Yanzu allon nawa ne, furfura ta sauka.
Kowace sabuwar shekara ina dire tubali kan tebur.
Bana su ɗari da ashirin ne, waya a kowane hannu,
Na ce, "Wa ya san wannan?" aka yi tsit.
Can layin baya, kusa da taga,
Na hango wani yaro ya fi kowa sunkuyawa.