Littafin Bashi a Dandima

Shagona na bayan shataletalen Dandima,
tsakanin mai walda da mai rake,
benci ɗaya, ƙofa ɗaya, da fanka mai tari.
Aikina buɗe cikin kwamfuta
kamar yadda mahauci ke buɗe cikin rago,
sai dai ni in na gama, mayar da hanjin nake yi.

Ƙarfe biyar, in rana ta rage mugunta,
Jelani kan sauko daga kabu-kabu
da jaka a ƙirji kamar mai rainon jinjiri.
Tasa mai tuffa ce, wadda aka gatsa aka bari.
"Wagga ba ta kamuwa da cuta," in ji shi,
yana goge bayanta da hannun riga.
Ba ya faɗin ranar da cajarta ta ƙone,
kuɗin sabuwa ya haɗiye buhun albasa.

Arzika ɗan Windos ne tun na kakanni.
"Tahi sakatariya, tahi asibiti,
ka gani in ba taga ta ab buɗe ba.
Mi kaka yi da ƙawa in babu aiki?"
Gaskiyarsa. Amma na sha ganinsa
ya zuba tagumi gaban shuɗin allo,
tana ce masa: jira, kada ka kashe ni,
ina kan kashi talatin.
Har shayinsa ya huce tana kan talatin.

Sai Modi, daga Dundaye, da ƙurar Kwalkwalawa a gira,
allonsa baƙi, rubutu kore kamar idon mage.
Linuks, wai, 'yantacciya,
ba a saye, ba a sata, ba a roƙo.
Yana magana kamar mai wa'azin kasuwa.
Kwana uku ya yi bai runtsa ba
kafin lasifikarta ta yarda ta yi tari,
ya zo yana ba mu labari kamar ya ci yaƙi.

Haka suke, kullum, har a kira magariba.
Mai rake ma ya zaɓi ɓangare
ko da yake bai taɓa danna komai ba sai rediyo.

Ran wata Laraba Malama Luba ta shigo,
alli har gwiwar hannu,
da filashi ɗaure a bakin mayafi:
sakamakon yara sittin da huɗu,
gobe da safe iyaye za su zo.

Jelani ya miƙe da fara'a, ya juya tasa, ya sake juyawa,
babu ramin da filashin zai shiga.
Arzika ya buɗe taga,
taga ta ce sai ta gama wanka.
Modi ya karɓa, yatsu na gudu,
fayil ya buɗe, ya ɗaga kai yana murmushi,
sai firinta ta ce ba ta san shi ba,
ba ta taɓa jin sunan gidansu ba.

Shiru. Har walda ta tsaya.

Na ja tsohuwar da ke ƙarƙashin tebur,
wadda tsaka ta yi ƙwai a cikinta bara,
na hura, na buga mata gefe sau biyu.
Ta yi nishi, ta yi gurnani, ta tashi.
Takarda ta fara fita da ɗumi
kamar masa daga tanda.

Malama ta ƙirga, ta biya, ta tafi.
Su ukun suka leƙo a tare:
"Wace iri ta? Mi ag cikinta?"
Na kashe allon kafin su gani.

Sannan na ɗauko littafina mai bangon kwali,
wanda bai taɓa cewa in jira ba.
Jelani, dubu huɗu, batir.
Arzika, dubu biyu da ɗari biyar.
Modi, tun azumi.

Nan ne kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya:
"Gobe, in Allah ya so."