Kwamfutoci Biyu a Gyaɗi-Gyaɗi

Tebur ɗaya, soket ɗaya,
amma tun magariba suke gaba.
Tawa ta ce ba ta ga kowa ba.
Ta Baba ta yi gum.

Na kashe, na kunna.
Na zare waya, na hura bakinta kamar kunu.
Ɗanliti na titin Beirut ya ce,
“Katanga ce a ciki, buɗe mata ƙofa.”

Na buɗe. Ta nemi kalmar sirri.

Baba ya rasu azumin bara.
Na gwada sunana. Na gwada lambar basfarsa.
Ƙarfe biyun dare na rubuta sunan da yake kiran Umma
in ya zaci ba ma ji.

Hotuna suka fara tsallakowa
ɗaya-ɗaya,
janareton maƙwabta na ta tari.