Babban Yatsa

Daren Lahadi Nafi'u ya karanta min saƙon waya:
katinka ya tsufa, Kaka, sai an sabunta.
Na ce ni ma na tsufa, wa zai sabunta ni?
Bai yi dariya ba.
Yaran yanzu dariyarsu tana cikin waya.

Katin nan shi ke kawo tiya biyu ta shinkafa,
tiya uku ta gero, kwalbar man gyaɗa,
wani watan da taliya, wani watan babu.
Tabawa takan auna da gwangwanin madara,
ta lallaɓa shi har ashirin ga wata.
Sauran kwana goman kuwa,
sai Allah, sai maƙwabta.

Litinin muka bar Ƙofar Wambai da sanyin safiya.
Mai adaidaita ya ce ɗari biyar, na ce jirgi ne?
Muka shirya a ɗari huɗu.
A ƙofar sakatariya na tarar da sa'annina
jere a kan benci kamar fatun da aka shanya.
Ga Ɗan'azumi mai gyaran keke, ga Hansai mai koko,
ga wani da na ɗauka ya rasu tun bara,
shi ma ya ce haka aka gaya masa a kaina.
Muka gaisa sau biyu.

Lambata tamanin da bakwai.
Azahar ta yi, sabis ya ɗauke.
La'asar ta gabato, sabis ya dawo.

Yarinyar da ke kan tebur, Zuwaira na ji ana kiranta,
ta ce, Baba, ɗora babban yatsa nan.
Na ɗora. Jar wuta.
Ta goge gilashin da gefen mayafi. Na ɗora. Ja.
Ta ce hura masa iska, goga shi a goshi,
kawo na hagu, kawo manuni.
Duk goman suka bi layi,
duk goman aka sallame su.

Ta ce, na'ura ba ta ganin ka, Baba.

Shekara hamsin da ɗaya hannun nan yana cikin kwatarniya:
toka, bagaruwa, kashin tantabara, ruwan jima.
Zanen da Allah ya yi min a yatsa
na bar shi a jikin fatun awaki,
ya tafi da jaka, ya tafi da takalmi da kube,
wataƙila yana wata ƙasa yanzu
wani yana zuba masa kuɗi a ciki.
Ku je can ku tambaya ko ina raye.

Ban faɗi haka ba. Yunwa ta koya min ladabi.
Na ce, 'yata, to yaya za a yi?

Ta jawo fom mai shafi uku:
sa hannun mai unguwa, hoto biyu,
da mutum biyu da za su shaida
cewa Ɗantala Majemi yana numfashi.
Daga benci Ɗan'azumi ya ɗaga sanda:
Ni shaida ne, yana raye, ina bin sa dubu biyu!
Hansai ta ce, rubuta ni ma,
shekaranjiya ya sha kokona bashi.
Zuwaira ta rufe baki da fom tana dariya,
ta ce ku dawo Alhamis, ba sai kun bi layi ba.

Za mu tsallaka titi Nafi'u ya riƙe hannuna,
ya juya tafin, ya daɗe yana kallo.
Sumul, ya ce, kamar bayan cokali.

A gida Tabawa ta kife buhun gero ta karkaɗe:
gwangwani ɗaya da rabi.
Ta ce, Alhamis ɗin jibi ce ko gata?
Na ce gata.
Ta ɗora tukunya,
ta ɗebi tafi guda ta mayar cikin buhu.