Kajin Casilda a Watan Agusta

Kafin ƙararrawar coci ta buga shida
na riga rana fita.
A Écija, a watan Agusta, wanda ya makara ya sha wuta:
ƙarfe goma bango ya fi ƙarfin tafin hannu,
ƙarfe biyu ko ƙuda ya nemi lungu ya yi shiru.

Kaji bakwai Casilda ta bar mini, da agwagi uku,
da baho mai tsatsa,
da littafin da take lissafin ƙwai.
Bayani ne kawai ba ta bari ba.
Shekara arba'in ina tsinkar zaitun a gonakin mutane
ban san kaza ba ta gumi ba.
Haki take yi, baki buɗe kamar mai shirin kai ƙara,
ta saki fukafukai,
ta dube ni da ido ɗaya
sai ka ce ni na hura ranar.

Shekaranjiya Baldomero maƙwabcina ya binne huɗu a gindin lemo.
Bai ce komai ba, shebur ɗinsa na ji.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.
Ni ba ni da gemu.
Akurki na shafa wa.

Na jiƙa tsofaffin buhuna na rataya a jikin waya,
iska in ta ga dama ta ratsa ta huce.
Na kwarara bokiti biyu a gindin ɓaure,
suka zo suka tona, suka kwanta, ƙirji a danshi,
kamar 'yan kasuwar da suka sayar da kayansu da wuri.
Kankanar da ta kwana a firji ta tashi ƙanƙara,
na fasa, suka yi mata caa,
jan ruwa na bin wuyansu.

Agwagi kuwa ba su san kara ba.
Ruwan da na zuba da safe, kafin hantsi sun mai da shi taɓo.
Na zubar, na sake. Na zubar, na sake.
Su yi nutso, su ɗago, su yi mini dariya.

Nuria ta kira daga Sevilla:
"Kaka, kai fa, ka sha ruwa?"
Na ce na sha.

Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak.
Na ƙirga: shida.
A bayan tukunyar fure na sami Perla, tsohuwarsu,
kwance a gefe ɗaya, zanko ya koɗe, ido a lumshe.
Na ɗauke ta. Kamar na ɗauki burodi daga tanda.
Na kai ta kicin, na tsoma ta a kwano,
ƙafafu, ciki, har ƙarƙashin fiffike,
ruwa mai sanyi-sanyi, ba na ƙanƙara ba,
haka na taɓa ganin Casilda ta yi
ranar da na ce mata wahalar banza take.
Na ɗiga mata a baki da ɗan yatsa.
Ɗigo. Shiru. Ɗigo.
Sai maƙogwaro ya motsa.

A nan ne ɗakin ya fara juyawa da ni.
Na zauna daɓas, na cire takalmi,
na zura ƙafafuna a kwanon, gefen nata,
na jawo tulun Casilda na kafa kai.
Tsoho da tsohuwar kaza a ruwa ɗaya,
ba mai ce wa wani sannu.

Da dare zafi bai tafi ba, zama kawai ya gyara.
Na haska akurki: bakwai. Uku a gefen baho.
Na buɗe littafin.
Rubutunta ya tsaya a sha tara ga Maris,
daga nan nawa ne, karkatacce kamar tonon kaza.
Na rubuta: ƙwai biyu, ɗaya ɓawonsa da laushi.
Ba wanda ya mutu.
Na ajiye biro, na sake ɗauka,
na ƙara: gobe a kai wa Baldomero ɗayan.