Ƙafafun Akori-kura

Na shigo Jega da kuɗin shinkafa a aljihun ciki,
ɗaure da roba, na ƙirga su sau uku tun daga Ka'oje.
Akori-kurata na tsaye ƙofar shagon Arzika
bisa tayoyi huɗu da suka yi sanƙo,
ta baya ma har waya ta leƙo.

Arzika bai tambayi nawa na riƙo ba.
Ya ce, "Ina kaka zuwa da ita?"
Na ce, ko'ina.
Ya ce, "Ko'ina ba hanya ba ce. Faɗi."

Sai na faɗa masa kwalta,
doguwa, baƙa, wadda rana ke dafawa har Koko.
Na faɗa masa burji bayan an ƙetare Kwara,
da inda burjin ke gajiya ya koma turbar shanu,
da kututturan kalgo da aka sare a karkace
suna jiran haƙarƙarin taya kamar masu bin bashi.
Ban so faɗin daren nan ba, amma na faɗa:
bara, tsakiyar damina, buhu ashirin na taki a baya,
laka ta riƙe ni har cibiya,
na kwana ina jin kwaɗi suna yi mini dariya,
sai da gari ya waye Nomau ya zo da bijimai biyu.
Taki ya jiƙe. Ni ma.

Ya mirgino guda, mai haƙora kamar na kada.
Zuciyata ta ce, ita ce!
Ya ce, "Wagga sarauniya ce cikin taɓo,
amma hau kwalta da ita ka ji kuka,
ta sha maka mai, ta cinye kanta kafin kaka biyu."
Ya mirgino wata, sumul, zane siriri,
ta masu zuwa ofis da farar shadda.
Ban ko duƙa ba.

Ta uku ba ta da kwarjini.
Haƙoranta matsakaita, a jere kusa da juna,
kafaɗa mai kauri, gefe kamar fatar bauna.
Na danna babban yatsa, bai shiga ba.
Ya kama hannuna ya kai kan lamba huɗu cikin ɗan zobe:
"Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.
Taya na tsufa ko ba ta taka ƙasa ba.
In an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli,
tambayi ranar haihuwarta."

'Yan kwatano na jibge a gefe, rabin kuɗi.
Na dube su. Na daɗe ina dubansu.
Rabin kuɗin nan kwanon ɗaki ne da ke yoyo,
kuɗin makarantar Hajo ne na zango guda.
Sai na tuna kukan kwaɗin nan.
Araha ba ta ado, ba ta kuma fid da mota daga fadama.

Na kwance robar.
Abin da ya rage bai fi na mai da tsire ba.

Yaron mai faci ya ɗaura su, yana ta gumi,
ya ce in rage iska in na shiga yashi,
in mayar kafin kwalta, in riƙa sauya musu wuri
kada ta gaba ta riga ta baya mutuwa.
Mai dama-dama cikin tsofaffin ta zama safaya,
sauran uku wani baduku ya ɗauka, za su koma takalma.
Tafiyarsu ba ta ƙare ba ke nan.

Da la'asar na bar kwalta.
An yi ruwa jiya, turba ta yi laushi.
Na wuce gurbin bara ban ko sauya giya ba,
sai da na haura na tsaya, na sauko,
don kawai in ga sawun.
Wani ɗan kiwo ya riga ni,
ya tsuguna yana auna shi da tafin hannu.