Garanti

Ran da zan biya kuɗin,
Alhaji Kalla da kansa ya zuba mini shayi.
Ya dafa gaban motar kamar mai dafa kafaɗar ɗansa,
ya ce, “Wata tsohuwa ce ta riƙe ta can Turai,
daga gida sai kanti, daga kanti sai gida.
Ko Agadas ka ce da ita, ba ta nishi.
In ta yi maka gardama, ni ne garantinka.”
Miliyan uku da jaka ɗari huɗu,
kuɗin ayar damina uku,
na ƙirga a kan tabarmarsa.
Har bakin titi ya raka ni.

Kwana goma sha tara muka yi da ita lafiya.
Na ashirin, mun baro Cadawa, buhu shida a baya,
ta yi tari,
ta sake tari,
wata ’yar fitila mai kamar butar shayi ta kama ja,
ta tsaya cak gaban wata gawo.
Amalanken shanun da na wuce ina yi masa oda
shi ya ja mu zuwa gari.
Mai shanun bai ce komai ba. Shirun nasa ya ishe ni.

Na koma wurin Alhaji.
Ya tafi Kwatano, in ji yaro.
Laraba, yana wurin zaman makoki a Tibiri.
Asabar na riske shi yana alwala, babu ƙofar baya.
Ya share fuska, ya dube ni kamar zan roƙe shi sadaka:
“Ƙarfe ne fa, malam. Ɗan Adam ma yana ciwo.
Ka tuƙa ka gani, ka ce ka yarda.”
Shayi yana kan wuta,
na wani ne, mai zagaya wata farar mota.

A aljihun motar na sami ɗan littafi
da harshen da ko malamin lakwal ya kasa,
hatimi bisa hatimi, shekara bakwai, sannan fari fat.
Har da wata roba, wai ta kankare ƙanƙara daga gilashi.
Barira ta ɗauke ta, tana kwashe tuwo da ita.

Akwai lambar kamfani a bangon baya, na kira.
Danna ɗaya. Danna uku.
Kiɗa ya cinye mini jaka biyu
kafin wata murya mai laushi ta gaishe ni da suna.
Ta ce in karanto lambar shasi,
na durƙusa da tocila, harafi goma sha bakwai.
“Ka yi haƙuri, wannan ba don ƙasarku aka ƙera ta ba.
Garantinta ya ƙare da daɗewa.”
Da na lissafa, tun kafin a yaye Sa’adu ne,
ga shi yanzu yana aske gemu.
“Akwai wani abin da zan taimaka maka?”
Wallahi ladabinta ya fi na Alhaji ciwo.

Tsahiru na bayan tasha, shi ba ya da allo ko kujera.
Ya shige ƙarƙashinta, ya fito yana dariya:
“Tsohuwar nan taka, tasi take yi!
An mayar da kilomita baya fiye da rabi,
gishirin hanyarsu ya ci ƙasanta kamar gara.”
Ya aika Katsina aka ciro famfon mai
daga cikin wata ’yar’uwarta da ta riga ta mutuwa.
Kwana huɗu yana zufa. Jaka tamanin da biyar,
ya yafe biyar ɗin don na kai masa aya.

Da ta tashi, na ce, “Kai kuma ina naka garantin?”
Ya ce, “Ba na rantsuwa a kan ƙarfen da ban haifa ba.
Amma in ta tsaya, ko a Dakwaro ne, kira ni,
ina da babur.”
Na miƙa masa ɗan littafin nan na Turai.
Ya juya shi, ya juya,
ya sami shafin da hatimi ya ƙare,
ya dangwala babban yatsansa, baƙi ƙirin da mai.

Har yau ina wucewa ta gaban Alhaji Kalla.
Yakan ɗaga hannu, ya ce wa mai saye,
“Ka ga waccan? A wurina ya ɗauke ta.
Dubi yadda take gudu.”